Ajiya Maganin Wata Rana: Yadda Za Ka Sa Burauzarka Ta Riƙe Maka Shafuka, Ta Kuma Nemo Maka Su

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba. A karanta, a tura wa wanda zai amfana.

  

Yau da tambaya zan fara, kuma kowa ya amsa wa kansa tsakaninsa da Allah. Ɗauko wayarka, buɗe Chrome, duba ɗan akwatin nan na sama mai nuna yawan shafukan da ka bari a buɗe. Nawa ka gani? Ashirin? Sittin? Akwai waɗanda ba lamba za su gani ba ma, fuskar dariya za su gani, don a wayar Android idan shafukan suka kai 100, Chrome daina ƙirga yake yi, sai kawai ya saka maka alamar dariya. Ni na taɓa kaiwa can, ba labari aka ba ni ba. Kuma kowane shafi a cikinsu na bar shi ne da niyyar "zan dawo". Har yau ban dawo ba.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na daina wannan halin. Lokacin ina ajin ƙarshe, wani abokina ya turo adireshin shafin neman wani tallafin karatu a guruf ɗinmu na 'yan aji. Na buɗe, na ga na cika sharuɗɗa, na ce to bari sai na haɗa takarduna. Na bar shafin a buɗe. Bayan kwana goma waya ta fara kukan ba wuri, na shiga goge-goge, na share hirar guruf, na rufe shafuka gaba ɗaya. Ranar da za a rufe karɓa, da yamma, na zauna neman shafin. Na tambaya a guruf, shiru, kowa yana harkar gabansa. Sai na rubuta sunan tallafin a wurin bincike, na danna na farkon da ya fito. Tambari iri ɗaya, launi iri ɗaya. Suka ce a biya naira dubu uku da ɗari biyar kuɗin fom. Na biya. Wallahi sai da na gama tura kuɗin sannan jikina ya ba ni, don na tuna abokina ya ce kyauta ne. Kafin in gano shafin gaskiya, sha biyun dare ta wuce. Na yi asarar kuɗi, na yi asarar dama, kuma na miƙa wa mutanen da ban sani ba sunana da lambar wayata da ranar haihuwata.

Abin da ya fi ba ni haushi, danna tauraro ɗaya ne kawai zai raba ni da wannan duka. Sakan biyu.

To wannan tauraron shi ne maganarmu ta yau. Sunansa bukmak, wato alamar shafi, kamar yadda kake saka ɗan tsinke ko takarda a littafi don ka gane inda ka tsaya. Ba sabon abu ba ne. Tun burauzar Mosaic ta shekarar 1993 akwai shi, su Hotlist suke ce masa. Netscape da ta fito a 1994 ita ta yaɗa sunan bukmak. Microsoft kuma suka kira nasu Favorites, kuma har yanzu haka yake a Edge. Sama da shekara talatin ke nan abin yana gabanmu, amma da yawanmu gara mu ɗauki hoton fuskar waya mu jefa shi cikin hotunan biki guda dubu huɗu, ko mu tura wa kanmu a WhatsApp, ko mu ce ai za mu tuna. Ba za ka tuna ba, ɗan uwa.

Amma fa ku saurara, don nan ne mutane suke kuskure. Wasu za su ce ai ni ina danna tauraron, ina da bukmak sun fi ɗari uku. Madalla. Yaushe rabon da ka nemo ɗaya daga ciki ka same shi? Ajiyar da ba za ka iya ganowa ba ranar buƙata, ita da zubarwa duk ɗaya ne. Don haka duk abin da zan faɗa yau a kan abu ɗaya ya tsaya: idan za ka ajiye shafi, ka ajiye shi kana tunanin ranar da za ka neme shi.

Mu fara da yadda ake ajiyewar.

A waya, cikin Chrome, ka danna ɗigo ukun nan na gefen sama, za ka ga tauraro a jerin farko. Danna shi. A kwamfuta kuma tauraron yana ƙarshen layin da ake rubuta adireshi, ko kuma ka danna Ctrl da D a tare. Wannan yana aiki a Chrome da Firefox da Edge duka. Mai Mac, Command da D.

Akwai wani tarko ga mu 'yan Facebook. Idan ka danna adireshi a cikin Facebook ko Instagram, yawanci ba a burauzarka yake buɗewa ba, a wata ƙaramar burauza ce da ke cikin manhajar kanta. Shi ya sa daga baya za ka je Chrome ka duba tarihin shafukan da ka shiga, ka ga babu shi. Idan shafi ne mai muhimmanci, danna ɗigo ukun da ke sama, zaɓi a buɗe maka a burauzar waje, sannan ka danna tauraronka a can.

Yanzu ga gundarin maganar. Kun san me bukmak yake ajiyewa? Abu biyu ne kacal: sunan shafi da adireshinsa. Ba ya ajiye rubutun da ke cikin shafin. Wato ranar da ka zo bincike a cikin bukmak ɗinka, burauza ba za ta leƙa cikin shafukan ba, sunan da adireshin kawai za ta duba. Kuma sunan da masu shafi suke sakawa, sau da yawa ba shi da wani amfani. Za ka ga an rubuta Home, ko Welcome, ko Login, ko wani dogon Turanci da ba za ka taɓa tunawa ba. Ka ajiye shafi goma duk sunansu Login, wanne ne na makaranta, wanne ne na banki?

Maganin shi ne ka canja sunan nan take. Da ka danna tauraron, za ka ga an ba ka damar gyarawa, inda aka rubuta Edit. Shiga ka goge sunan da suka saka, ka rubuta naka. Ka tambayi kanka: nan da wata shida, idan ina neman wannan shafin a gaggauce, wace kalma ce za ta fara zuwa bakina? Ita za ka rubuta. Kuma da Hausa ma ya yi, ai kai za ka nema ba Bature ba. Ni ga irin nawa: "rajistar kwas makaranta fotal", "tallafin karatu rufewa 30 Nuwamba", "girkin alkubus mai kyau", "gyaran janareto bidiyo". Kun lura na saka ranar rufewa a cikin sunan tallafin? Darasin naira dubu uku da ɗari biyar ne wannan. Kar ka ji tsoron tsawon suna. Duk kalmar da ka ƙara, ƙofa ce ka ƙara wa kanka ta shiga.

Wani abu da ya shafe mu Hausawa musamman: haruffa masu lanƙwasa. A wurin burauza, ƙ daban k daban, ɗ daban d daban, ɓ daban b daban. Idan ka ajiye shafi da sunan "ƙasida" a wayarka mai kibod ɗin Hausa, gobe ka zauna a kwamfuta ka rubuta "kasida", yana iya ce maka babu. Don haka ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. Ni a rubutu ina girmama lanƙwasa, amma a sunan bukmak ba na sakawa, saboda ban san da wane kibod zan zo nema ba.

Sai maganar folda. Nan ma akwai masu wuce gona da iri. Na san wanda ya buɗe folda arba'in, folda cikin folda cikin folda, ƙarshe shi kansa ya rasa inda ya saka komai. Biyar ko shida sun ishe ka. Nawa su ne: Karatu, Aiki da Tallafi, Kuɗi, Addini, Koyo, sai wata da na kira Wucin Gadi. Wannan ta ƙarshen ita ce kwandon abubuwan da nake so in karanta sau ɗaya kawai. Duk ƙarshen wata ina shiga in share ta. Abin da ya cancanci zama in mayar da shi foldarsa, sauran in goge ba tausayi.

Foldar Kuɗi kuwa, ina so ku ba ni hankalinku a kanta. A nan nake ajiye shafin bankina da duk wani shafi da ake saka kalmar sirri ko a biya kuɗi. Amfaninta ya wuce sauƙi, kariya ce. Masu damfara suna buɗe shafuka masu kama da na gaskiya, su canja harafi ɗaya a adireshin, wani lokacin har su biya kuɗin talla don nasu ya fito a saman sakamakon bincike. Idan kullum sai ka yi bincike kafin ka shiga shafin JAMB ko na NYSC ko na bankinka, to kullum kana ba su dama. Amma idan ka tabbatar da adireshin gaskiya sau ɗaya, misali jamb.gov.ng, ka ajiye shi, daga ranar ta bukmak kawai kake shiga, ka rufe wannan ƙofar. Ko an turo maka saƙo an ce an toshe asusunka danna nan, kar ka danna. Je ka bukmak ɗinka ka shiga ta can ka duba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ga masu kwamfuta, akwai wani layi da ke zama a ƙarƙashin wurin rubuta adireshi, inda bukmak suke jeruwa a gabanka kullum. Idan ba ka ganinsa, danna Ctrl da Shift da B. Wata dabara: shafukan da kake shiga kowace rana, ka goge sunansu gaba ɗaya ka bar wurin fayau, sai ɗan tambarinsu kawai ya rage. Da haka layin zai ɗauki shafi ashirin ko fiye. Idan kuma kana tsakiyar binciken furojet, ka buɗe shafuka goma sha biyar, ga batir yana kuka, danna Ctrl da Shift da D, zai kwashe su duka ya zuba a folda ɗaya. A waya kuma, shafin da ba ka rabuwa da shi, danna ɗigo uku ka zaɓi Add to Home screen, zai zauna a fuskar wayar kamar manhaja. Masu Opera Mini kuna da Speed Dial, aikinsa kusan ɗaya ne.

To mun ajiye. Yanzu yaya ake nema?

A waya, ɗigo uku, Bookmarks, za ka ga wurin bincike a sama. Rubuta kalmarka. Ka ga amfanin sunan da ka gyara ko?

A kwamfuta abin ya fi daɗi. A Chrome, je ka wurin rubuta adireshi, rubuta @bookmarks, danna Tab ko madannin tazara, sannan ka rubuta abin da kake nema. Ba zai tafi intanet ba, cikin ajiyarka kawai zai duba. Google sun ƙara wannan ne a ƙarshen 2022, tare da 'yan uwansa guda biyu: @history na binciken shafukan da ka taɓa shiga, da @tabs na binciken shafukan da ke buɗe yanzu. Mutane da yawa suna amfani da Chrome kullum ba su san da su ba. Idan kuma kana so ka ga ajiyar gaba ɗaya ka yi gyara, Ctrl da Shift da O.

A Firefox kuma, rubuta alamar tauraro, wato *, ka ba da tazara, ka rubuta kalmarka. Alamar ^ ta tarihi ce, alamar % ta shafukan da ke buɗe. Kuma Firefox na kwamfuta yana da wani abu da Chrome ba shi da shi, wato laƙabi, su suna ce masa Tags. Bambancinsa da folda shi ne, shafi ɗaya folda ɗaya yake zama, amma laƙabi za ka iya manna masa guda biyar. Misali ƙasida a kan noman tumatir a Kadawa: ka saka mata "noma", "tumatir", "furojet", "Kano". Ta kowacce ka biyo za ka same ta. Mai Chrome kar ka ji haushi, kai ma ka zuba waɗannan kalmomin a ƙarshen sunan, sakamakon kusan ɗaya ne.

Yanzu bari mu ɗan hau mataki na gaba. Wannan shi ne wanda idan ka yi a gaban abokai za su ce kai ɗan baiwa ne, alhali ba komai a ciki.

Ka taɓa lura cewa idan ka yi bincike a YouTube, kalmar da ka rubuta tana fitowa a cikin adireshin da ke sama? Gwada ka gani. Rubuta "dambe", ka duba adireshin, za ka ga ya ƙare da search_query=dambe. To idan ka cire kalmar dambe ka saka %s a wurinta, ka samu wani adireshi mai gurbi. Wannan %s ɗin yana nufin "duk abin da na rubuta, a saka shi nan".

A Chrome na kwamfuta, shiga Settings, sai Search engine, sai wurin da aka rubuta Manage search engines and site search. A ɓangaren Site search danna Add. Akwati uku za ka gani. Na farko suna, rubuta abin da ka ga dama. Na biyu gajeriyar kalmar da za ka riƙa kira da ita, misali yt. Na uku adireshin mai gurbi:

https://www.youtube.com/results?search_query=%s

Shi ke nan. Daga yau idan ka rubuta yt, ka danna tazara, ka rubuta "yadda ake ɗinkin hula", kai tsaye cikin sakamakon YouTube za ka faɗa. Ga na Wikipedia ta Hausa, ni wk na saka mata:

https://ha.wikipedia.org/w/index.php?search=%s

Kusan duk shafin da yake da akwatin bincike za ka iya yi masa haka: ƙamus, shafin labarai, laburaren makaranta. A Firefox, cikin bukmak ɗin kansa ake yi. Ka ajiye adireshin mai %s, ka shiga gyara shi, akwai akwatin da aka rubuta Keyword, a nan za ka saka gajeriyar kalmar. Ga mai lissafin data, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ka tsallake buɗe shafin farko da duk hotuna da bidiyon da yake lodawa.

Gargaɗi ɗaya a nan. Akwai wani nau'in bukmak da ba adireshi ne a cikinsa ba, umarni ne, yana farawa da kalmar javascript. Akwai masu amfani a cikinsu, amma 'yan damfara ma suna amfani da su wajen sace asusun mutane. Duk wanda ya ce ka kwafi wani dogon rubutu ka saka a bukmak don ka samu kyautar data ko ƙarin mabiya, ka guje shi.

Sai tambayar da na san tana ran wasunku: idan wayar ta ɓata fa? Ko aka fizge ta, ko ta faɗa ruwa?

Idan ba ka shiga da asusunka a burauzar ba, to ajiyarka ta tafi tare da wayar. Don haka ka shiga Settings na Chrome, ka tabbatar ka shiga da asusunka na Google, kuma an kunna ajiye bukmak a asusun. Da ka yi haka, abin da ka ajiye a waya zai fito a kwamfuta, na kwamfuta ya fito a waya, sabuwar waya kuma da ka saka imel ɗinka komai zai dawo. Firefox ma yana da nasa, da asusun Mozilla. Sharaɗin dai shi ne ka san kalmar sirrin imel ɗinka. Na san da yawanmu a shagon waya aka buɗe mana imel, mai shagon ne ya san kalmar sirrin, mu ba mu sani ba. In kana cikinsu, ka gyara wannan yau, kafin komai.

Kuma a kula: kar ka shiga da asusunka a burauzar kafe ko kwamfutar da jama'a ke amfani da ita, don bukmak ɗinka, wani lokacin har da kalmomin sirrin da ka ajiye, za su iya sauka a kanta. Idan dole ce ta sa, yi amfani da Guest, wato yanayin baƙo. Wani abin kuma da mutane ba su sani ba: bukmak ɗin da ka ajiye kana cikin Incognito ba ya gogewa idan ka rufe. Yana nan zaune, duk wanda ya ari wayarka zai gani.

To yanzu wani zai ce, ai akwai manhajoji na musamman da ake ajiye shafuka a cikinsu, me zai hana mu koma can? Akwai su, wasu ma suna da kyau ƙwarai. Amma ku ji tarihi. A 2003 wani mai suna Joshua Schachter ya buɗe Delicious, shafin da mutane ke ajiye bukmak a intanet su manna musu laƙabi. Ya yi tashe sosai, Yahoo ta saye shi a 2005, daga nan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, har a 2017 aka daina ajiye sabon abu a cikinsa. Xmarks ya rufe a 2018. Google da kansu suna da wani mai suna Google Bookmarks, daban da na cikin Chrome, sun rufe shi a watan Satumba na 2021. Na baya-bayan nan shi ne Pocket, wanda miliyoyin mutane suke ajiye abin karantawa a ciki, Mozilla ta rufe shi a watan Yulin 2025, ta ba mutane 'yan watanni su kwashe kayansu. Wanda bai ga sanarwa ba fa? Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ba cewa nake kar a yi amfani da su ba. Cewa nake, ko a ina ka ajiye, ka riƙe kwafi a hannunka. A Chrome na kwamfuta, danna Ctrl da Shift da O, danna ɗigo ukun da ke saman shafin, zaɓi Export bookmarks. Zai ba ka ɗan ƙaramin fayil na HTML. Wannan fayil ɗin tsarinsa tun na zamanin Netscape ne, kuma har yau Chrome da Firefox da Edge da Safari duk suna karanta shi. Wato ko gobe ka canja burauza, ka ɗauki kayanka ka tafi da su. Tura wa kanka shi a imel, ko ka saka a filashi. Ni duk bayan wata uku nake yi. Chrome na waya ba shi da wannan madannin, don haka mai waya kaɗai sai ya bi ta takeout.google.com, ya zaɓi Chrome, a haɗa masa kayansa ya sauke.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne iyakar bukmak. Na ce muku adireshi kawai yake riƙewa. To idan gidan da adireshin ke nunawa ya rushe fa? Shafuka suna mutuwa, kuma fiye da yadda muke zato. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke intanet a 2013, bayan shekara goma ba a iya samunsu. Ka duba fa, sama da ɗaya cikin uku.

Don haka ka raba abu biyu. Shafin da kake komawa don yin wani aiki, kamar fotal ko banki, bukmak ya ishe shi. Amma shafin da rubutun cikinsa kake buƙata, kamar ƙasidar da za ka kafa hujja da ita a furojet, ko sanarwar ɗaukar aiki, ko shaidar biyan kuɗi, wannan sai ka ajiye shi kansa. A Chrome na waya, kusa da tauraron akwai kibiya mai kallon ƙasa, idan ka danna ta za ta sauke shafin ka karanta ko ba data. Ko ka danna Share, ka zaɓi Print, ka ajiye shi a matsayin PDF. Idan kuma ka buɗe tsohon bukmak ka tarar shafin ya mutu, kar ka yanke ƙauna. Kwafi adireshin ka kai web.archive.org, wato Wayback Machine na Internet Archive, waɗanda tun 1996 suke adana kwafin shafukan intanet. Ba kowane shafi suke da shi ba, amma sau da yawa za ka dace. A nan ma akwai wurin da aka rubuta Save Page Now, inda kai da kanka za ka saka adireshi su adana shi. Kun ga ko mataccen bukmak yana da rana, don shi ya riƙe maka adireshin da za ka kai can.

To jama'a, ga aikin gida, kuma minti goma sha biyar ya isa. Na ɗaya, buɗe shafukan nan da ka tara, ka zaɓi waɗanda da gaske kake buƙata, ka danna musu tauraro, ka ba kowanne sunan da za ka tuna, sauran ka rufe. Na biyu, buɗe foldar Kuɗi ka saka shafukan gaskiya na bankinka da makarantarka. Na uku, tabbatar burauzarka tana haɗe da asusunka kuma ka san kalmar sirrinsa. Mai kwamfuta ya ƙara da na huɗu, ya fitar da fayil ɗin nan ya tura wa kansa.

Shekarar da ta biyo bayan waccan asarar tawa, an sake buɗe tallafin. A wannan karon shafin yana cikin foldar Aiki da Tallafi, da ranar rufewa a jikin sunansa. Na cike saura mako biyu. Ban samu ba, gaskiya, wasu aka ɗauka. Amma na kwanta da sanin cewa rabo ne bai yi ba, ba sakacina ba.

Ku faɗa mana a ƙasa, shafi nawa kuka tarar a buɗe a wayarku? Masu fuskar dariya ku fito kar ku ji kunya, ni ma tsohon ɗan ƙungiyar ne. Wanda kuma ya gwada dabarar %s ta ƙi yi masa, ya rubuto sunan shafin, za mu duba tare.